Bas ɗin Gas Ba Ta Tsaya Mini

Tambaya: Kullum daga Kawo nake zuwa Kasuwa. Manyan bas masu amfani da gas da gwamnatin Uba Sani ta kawo a 2025 ba sa tsayawa in na ɗaga hannu, ga jinkiri. Me ya sa? — Mai karatu, Kaduna

Amsa: Malama, waɗannan sai a wuraren tsayawa da aka ware musu, kuma in bas ta cika tun daga Kawo, wucewa kawai za ta yi. Jinkirin kuwa, gidajen ɗura gas ba su kai na fetur yawa ba, sai mota ta bi layi kafin ta fito. Ki hau daga farkon hanya kafin bakwai na safe, ki riƙe kuɗin Keke Napep ko da ba ki samu bas ba.