Ruwa ake sayarwa, ba rijiya ba

Ka ce rabin kod ɗin da za ka sa wa sabon kwastoma tun bara ka rubuta shi (kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi), wai ko ya halatta ka karɓi cikakken kuɗi, kuma yaya za ka yi da wanda ka kwaso a GitHub, shafin intanet da masu rubuta kod ke ajiye aikinsu. Karɓi kuɗinka, yaro. Tela ba ya rage kuɗin babbar riga don hannunsa ya saba da yanka. Ba nan haɗarin yake ba, yana cikin takardar da za ka sa wa hannu.

Shekarun baya na yi wa wani Alhaji mai sayar da magani a Kano manhajar lissafin kaya. A ciki na sa wani ɓangare nawa na kaina, mai bin bashi da buga rasit, wanda na kwashe shekara biyu ina gyara shi da daddare, a kan janareto. Ranar biyan ciko sai ya miƙo mini takarda shafi uku da Turanci. Sallah ta matso, ina bukatar kuɗin, na rattaba hannu ban karanta ba. Ashe akwai layi ɗaya da ya ce duk abin da ke cikin manhajar ya zama mallakarsa. Kafin shekara ta zagayo ya canza mata suna, yana sayar wa 'yan kasuwa 'yan'uwansa. Da na sa wa wani mai shago ɓangaren nan nawa, wasiƙar lauyan Alhajin ce ta same ni. Na je wurin nawa lauyan, ya ce a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ba a miƙa mallaka sai a rubuce, ni kuwa na rubuta. Aikina, da hannuna! Har yau in na wuce ta layin shagon Alhajin sai raina ya ɓaci.

Tun daga nan nake rubutawa ƙarara: abin da aka yi wa kwastoma musamman nasa ne, tsohon kod ɗina kuwa izinin amfani kawai na ba shi.

Maganar GitHub kuma, ku yaran yanzu kwasa kawai kuka iya, ba ku buɗe fayil ɗin lasisi, inda mai kod ɗin ya rubuta sharuɗɗan amfani da shi. In lasisin da ake kira MIT ne, sa shi ka sayar, amma ka bar sunan mai shi da rubutun lasisin a ciki. In lasisin GPL ne, wanda Richard Stallman ya fito da shi a 1989, bai hana ka caji ba, sai dai duk wanda ka ba manhajar yana da haƙƙin samun kod ɗin, ya gyara, ya ma raba wa wasu. Gaya wa kwastoma haka tun kafin ku yi ciniki. Wanda ba shi da lasisi ko ɗaya kuwa, kada ka taɓa, mai shi bai ba kowa izini ba.

Gobe ka kawo mini takardar mutumin nan in gani kafin ka sa hannu.