Kason Ajiya Ya Canza Bayan An Sabunta Sabar

Tambaya: Tun da aka sabunta sabar ajiya ta wurin aikinmu, wato babbar kwamfutar da ke adana fayilolinmu, kwamfutata take nuna cewa na kusa cinye kasona na wurin ajiya a foldar da muke amfani da ita tare, alhali ban ƙara ko fayil ɗaya ba. Mene ne dalili?

Amsa: Malam, adadin da kwamfutarka take nunawa lissafi ne da sabar take aiko mata, saboda haka idan tsarin ajiyar ya canza, lissafin ma yakan canza. Sau da yawa sabon tsari yana raba faifai gida-gida masu girma fiye da na da, ta yadda fayil mai bait 500 (bait ma'aunin girman fayil ne) zai mamaye gida mai bait 4096 gaba ɗaya, kuma mai dubban ƙananan fayiloli shi ya fi jin wannan a jikinsa. A tsarin ZFS kuwa, wanda wani nau'in tsarin adana fayiloli ne, kwafin baya da sabar take adanawa yana shiga cikin kaso, sai dai idan an saita refquota, wanda fayilolin yanzu kaɗai yake ƙirgawa. Mai yiwuwa kuma ba a sake ƙirga kason ba bayan an kwashe bayanan zuwa sabon tsarin, abin da umarnin quotacheck yake gyarawa a Linux, wato manhajar da ke tafiyar da sabobi da yawa. Kada ka yi gaggawar goge fayilolinka. Ka fara neman mai kula da sabar ya duba waɗannan.