Gudun aure ne, ko gudu don a yi aure?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyon fassara, sai na ci karo da kalmar Ingilishi elope a wani labari, inda aka ce saurayi da budurwa sun yi hakan cikin dare. Na rubuta "sun yi gudun aure", amma yayata ta ce na juya maganar. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Malama, yayarki ce da gaskiya, amma kada abin ya dame ki. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin ina sabon shiga aikin, har wanda ke duba mini rubutu ya ja layi da jan biro ya rubuta a gefe: "To auren suke gudu, ko wurinsa suka nufa?" Idan Bahaushe ya ji gudun aure, abin da zai fahimta shi ne wani ko wata ba ta son auren, ta cika wandonta da iska. Su kuwa waɗannan naki auren suke so ruwa a jallo. Iyayen da suka hana su suka guje wa.

Abin dariyar shi ne kuskurenki ya yi kusa da tsohuwar ma'anar kalmar. Asalinta daga harshen shari'a ne na Ingila, wanda Faransanci ya yi wa tasiri, kuma a can ana nufin matar aure ta bar mijinta ta bi wani namiji. Sai daga baya ma'anar ta koma kan masoya biyu da ba su yi aure ba, su sulale a ɗaura musu a ɓoye. Saboda haka idan littafin da ke hannunki tsoho ne sosai, ki fara duba ko matar tana da miji kafin ki sa alƙalami.

Yadda ma'ana ta biyu ta yi ƙarfi yana da labari. A 1753 majalisar Birtaniya ta yi dokar aure da ta fara aiki a 1754, wadda ta ce a Ingila da Wales duk wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye. Dokar ba ta shafi Sikotland ba. A can, a wancan lokacin, yaro mai shekara 14 da yarinya mai 12 suna iya aure ba tare da izinin kowa ba, muddin sun furta a gaban shaidu biyu. Ƙauyen Gretna Green kuwa yana Sikotland, a bakin iyakarta da Ingila, da ka tsallaka ka iso. Sai masoya suka riƙa hayar keken doki suna tsere zuwa can, wani lokaci uban yarinya na biye da su a sukwane. Wanda ya yi suna wajen ɗaura irin wannan aure ba limamin coci ba ne, maƙerin gari ne, a cikin maƙerarsa, ya buga guduma a kan uwar maƙera a ce an gama. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai na yi murmushi: mutum ya ajiye ƙera takalmin doki, ya ɗaura aure, ya koma ga wutarsa. A 1856 aka sa sharaɗin sai ɗaya daga cikinsu ya zauna kwana 21 a Sikotland, a 1940 kuma aka daina amincewa da auren furuci kawai. Amma har yau mutane na zuwa ƙauyen ɗaurin aure don sha'awa.

Yanzu kuma, musamman a Amurka, kalmar ta yi laushi. Za ki ji mace ta ce haka suka yi, alhali uwarta ta sani, ta ma taya ta zaɓen riga. Abin da take nufi kawai ba su tara jama'a ba, sun tafi Las Vegas ko wani bakin teku su biyu da shaidu. Nan babu gudu ko kaɗan, sai ki ce "sun yi aurensu shiru, ba biki".

Ban yarda a ƙirƙiro kalma guda a tilasta mata ɗaukar duk wannan kaya ba. Jimla ta fi. Sai dai ki kula da wanda ya yi gudun. "Sun gudu" na nuna da yardar su biyun. "Ya gudu da ita" ya fara ɗora laifin a kan namijin, kuma haka dangin yarinya za su faɗa. "Ya sace ta" kuwa ya cire yardarta gaba ɗaya, ya zama wata magana daban mai kai mutum gaban alƙali. Yaji ma kada ki kusance shi, wannan na matar da ke cikin aure ne, kuma gidan iyaye take nufa.

Ga jimlarki: "Sun gudu cikin dare, aka ɗaura musu aure ba da sanin iyayensu ba." Ki kai wa Yaya ta duba, ki gaishe ta.