Ɗana na son barin tramadol: ƙarin ruwa, gidan mari ko asibiti?

Tambaya: Ɗana ya shekara uku yana shan tramadol. Duk ranar da ya yi ƙoƙarin bari sai zufa, hamma, gudawa da ciwon gaɓoɓi su taso masa, barci ya gagara. Mai kemis ya ce in biya a yi masa ƙarin ruwa a wanke jininsa, kawunsa kuma na cewa a kai shi gidan mari. Wanne zan zaɓa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki zaɓi ko ɗaya. Ƙarin ruwa yana mayar da ruwan da gudawa ta zubar ne kawai, ba ya taɓa ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙwayar. Mari kuwa azaba ce, ba magani ba.

Abin da kike gani jiki ne ke neman abin da ya saba. Yakan tsananta a kwana na 2 zuwa na 3, ya lafa cikin mako guda ko kwana 10.

Likitoci na da clonidine, maganin hawan jini da ke kwantar da zufa da bugun zuciya. Yana da araha, amma ba ya kashe kwaɗayin ƙwayar, kuma yakan saukar da jini har mutum ya ji jiri. Buprenorphine da methadone sun fi shi nesa ba kusa ba, domin suna zama a gurbin da tramadol ke zama, jiki ya natsu, kwaɗayin ya kwanta. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna. Idan an samu, ni buprenorphine na fi so, haɗarinsa na danne numfashi bai kai na methadone ba. Sai dai ba a fara shi sai alamomin barin ƙwayar sun bayyana, in aka yi gaggawa ciwon ya ninka. Methadone kuwa in ya haɗu da giya ko diazepam (maganin sa barci) yana iya kisa. Naltrexone, maganin da ke toshe aikin ƙwayar a jiki, na daga baya ne, sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu ƙwayar a jiki.

Ki kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ya faɗa wa likita gaskiyar adadin da yake sha, da ko ya taɓa jijjiga, don tramadol na jawo ta. Ki tambayi wane tsari suke da shi bayan sallama. Wannan ne ya fi damuna, Hajiya: bayan ya bari jikinsa ya daina jure ƙwayar, in ya koma kan adadin da, zai iya rasa ransa.