Amsa ga mai son koyon kiwon doki da hawa a gonar dawaki

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko zama a gonar da ake kiwon dawaki don hayayyafa zai sa ka ƙware a hawa cikin wata uku, ko kuwa gara ka bi mahayan unguwarku. Na yi shekaru ina aiki a irin wannan gona da ke tanadar wa 'yan wasan folo (ƙwallon da ake bugawa a kan doki) dawaki a ƙasar Kaduna, kuma ina tabbatar maka cewa a can hawa ne abu na ƙarshe da za a ba ka.

Watanninka na farko a barga za su ƙare, kana kwashe kashi tun asuba, kana wanke mazubin ruwa, kana cire kaska, kana ɗaga ƙafa kana sakace kofato. Masu gaggawa a nan suke gudu, alhali a nan ne ake sanin lafiyayyen doki, wanda zafin jikinsa ke tsakanin digiri 37.5 da 38.5, zuciyarsa kuma ke bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya idan yana hutawa. Za a koya maka ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa, ka ga ko jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu, sannan ka kara kunne a kuiɓinsa ka saurari kukan hanji. Doki ba ya amai, shi ya sa ciwon ciki ke kashe shi da wuri. Idan ya ƙi harawa, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, to a kira likita nan take. A ganina, ɗabi'ar ɗura wa doki gero da dusa ana gab da hawan sallah ta fi yunwa illa, domin cikinsa ciyawa yake buƙata, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, hatsi kuwa kaɗan-kaɗan ake ƙara shi.

Abin da mahayan unguwa ba za su iya ba ka ba shi ne ilimin goɗiya. Takan nemi barbara kusan duk kwana 21, ta ɗauki ciki na wata 11, kuma yawanci cikin dare take haihuwa, saboda haka za ka yi kwanan zaune da tocila a hannu kana duba ko hantsarta ta fara ɗiga. Ƙa'idar da ake bi ita ce dukushi ya miƙe cikin awa ɗaya, ya sha dakashi, wato nonon farko, cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. In ta wuce haka, kada wani ya ja ta da hannu, aikin likita ne.

Hawa kuma sai a kan tsohon doki mai haƙuri, da ragama ko linzami mai laushi, kana kilisa har zamanka ya daidaita a sirdi kafin a bar ka ka yi sukuwa. Wata uku za su ishe ka wannan, amma ba za su kai ka ga horar da ɗanyen doki ba.

Idan kana da halin fita waje, gonar dawaki ta ƙasar Ayalan da ke Kildare tana gudanar da kwas na kusan wata shida tun 1971, sai dai kan hayayyafa ya fi karkata, ba hawa ba. A gida kuwa, kafin ka biya ko sisi, ka je ka ƙirga goɗiyoyin da ke da ciki, ka tambayi watan da za su haihu domin zamanka ya dace da shi, ka kuma nemi ganin littafin da suke rubuta rigakafi da maganin tsutsa.