Haƙoran kusurwar durowa: da hannu ko da inji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a Garwa, ban daɗe da buɗe shagona ba. Da zarto da cizal nake yanka haƙoran kusurwar durowa da akwati, amma aikin yana cin lokaci. In sayi injin fafar katako? Wane haɗin ya fi ƙarko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Wajen ƙarko duk ɗaya ne, muddin haƙoran sun zauna daram. Yawan aikinka shi zai raba maka gardama. Inji yana bin farantin ƙarfe mai tsaga-tsaga, haƙora su fito girma ɗaya. Amma saita shi aiki ne: in bakin injin ya zarce ko ya gaza da rabin milimita, haɗin zai yi lako-lako ko ya ƙi shiga, sai ka ɓata guntaye wajen gwaji. In kwangilar durowa 30 ce, wahalar ta biya. In akwati ɗaya ne na amarya, kafin ka gama saiti mai zarto ya kusa tashi. Ga kuma wutar lantarkin madatsar Lagdo, da kan yi ƙaranci idan ruwan madatsar ya ja baya.

Da hannu, kai ke zaɓar faɗin kowane haƙori. A katako mai taushi irin ayus, karkatar gefen haƙorin ta zama 1 cikin 6, wato ya karkata milimita 1 a kowane milimita 6 na tsawonsa. A mai tauri irin maɗaci ko iroko, 1 cikin 8. Ka yanka gefe ɗaya, ka ɗora shi kan ɗan'uwansa ka zana da wuƙa, fensir yana da kauri. Cizal kuwa ya yi kaifin aske gashin hannu, domin dakusasshe murƙushe ayus yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗanyen katako. Daga kurmin kudu yake zuwa, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, da sauran danshinsa. Hunturu na busowa sai ya tsuke ta faɗi, haɗin ya buɗe baki, ko da wane inji aka yanka. Ka jera allunan a inuwa, da 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, su yi makonni kafin ka taɓa su.

Shawarata, ka dakata da sayen injin sai manyan kwangiloli sun fara zuwa. Kuɗin da ke hannunka yanzu, sa shi a dutsen washi mai kyau da zarto mai ƙananan haƙora.