Banjo mai tsirkiya huɗu: me hannun gwani ke ƙara masa?

Tambaya: Ina sauraron tsohon kiɗan jaz na Amurka, kuma amon banjon nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu ya ja hankalina. Yaya ake haɗa shi, kuma shin wanda aka yi da hannu ya fi na masana'anta amo ne, ko kuwa ado ne kawai ke jawo tsadarsa?

Amsa: Wanda kake nufi shi ne banjon filektiram, wato wanda ake kaɗawa da ɗan fallen roba maimakon yatsu. Ya samo asali ne daga banjo mai tsirkiya biyar, bayan makaɗa sun cire gajeriyar ta biyar domin tana hana ruwa gudu idan ana share tsirkiyoyin gaba ɗaya. Wuyansa na da matakan ƙarfe 22 inda ake danna tsirkiya, ana ɗaure tsirkiyoyin a kan sautukan da ake kira C, G, B, D, kuma wannan tsawon ne ya sa muryarsa ta fi ta banjon tena kauri, wato ɗan'uwansa mai tsirkiya huɗu da gajeren wuya, wanda ke da matakai 17 ko 19. Ya yi tashe a shekarun 1920, makaɗin Amurka Eddie Peabody kuma na cikin waɗanda suka fito da shi.

Amon yana fitowa ne daga ƙoƙonsa. Ana lanƙwasa itacen mapul, galibi falle uku, a manne su su zama kewaye mai faɗin inci 11, a ɗora masa zoben tagulla, sannan a shimfiɗa fata a kai a ja ta da ƙugiyoyi, yawanci 24. Jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa kansa, yana zaune ne a kan fatar, kamar na gurmi, ba a manne shi ba, matsin tsirkiya ne kaɗai ke riƙe shi. A baya kuma akwai murfin katako da ke turo sautin gaba, wanda shi ne ya ba banjo damar ratsa ƙarar ƙahonni a zamanin da babu lasifika.

A nan ne aikin hannu ke nuna kansa. Idan zoben ya matse katakon fiye da kima, amon zai shaƙe. Idan ya yi sako-sako, zai watse. Gwani yakan sassaƙa katakon daidai da zoben da ke hannunsa, yana gwadawa yana ragewa har sai ya shige da ɗan turi kaɗan, haka kuma yake gyara gindin wuyan har ya kwanta a jikin ƙoƙon ba tare da kafar da takarda za ta shiga ba. Masana'anta mai fitar da ɗaruruwa ba kasafai take da wannan lokacin ba, ko da yake tsofaffin banjon Vega, Paramount da Bacon & Day daga masana'anta suka fito, kuma har yau ana rububinsu.

Ado da ƙwanson teku da ruwan zinariya, a ganina, ba sa ƙara wa kunne komai, aljihu kawai suke taɓawa. Abin da ya kamata ka duba shi ne fatar. Ta maraƙi tana da amo mai taushi, amma takan saki da damina ta ɗaure da hunturu, har ta kan tsage, shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1950 yawancin makaɗa suka koma ta roba irin ta kamfanin Remo, wadda ba ruwanta da laima.